Gargaɗi: ₦950,000 na biya, gawar amfilifaya aka aiko min daga Legas

Jama'a, musamman 'yan'uwana masu kaɗa gitar bas da masu situdiyo, akwai wani mutum da yake tallan amfilifaya mai kwalba (wato na'urar ƙara sauti mai aiki da kwalaben lantarki irin na tsohon rediyo) ta hannu a Facebook, Ampeg SVT-CL, yana cewa 'yar Beljiyam ce, yanzu aka sauke ta daga kwantena. Ɓarawo ne. Naira dubu ɗari tara da hamsin ya ci min. ₦950,000, ban da ₦35,000 na mota daga Legas zuwa Kaduna. Ina rubutun nan hannuna yana rawa.

Kuma kafin wani ya zo ya ce min ai ba a cinikin biri a sama, na ji, an faɗa min a gida, an faɗa min a wajen atisaye, har yaron da yake ɗaukar mana sifika ya faɗa. Ni ba jiya na fara wannan harka ba. Na san SVT. Na san tun 1969 Ampeg suka fito da ita, wat 300 ce, manyan kwalabe shida ne a bayanta masu lamba 6550, nauyinta ya kai kilo 36, mutum ɗaya ba ya ɗaga ta cikin daɗin rai. Duk wannan na tambaye shi, ɗaya bayan ɗaya, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Abin da yake hana ni barci shi ne tambayar da shi ya yi min. Muna cikin magana sai ya ce, "Oga, tsaya tukuna, sifikarka om nawa ce?" Om shi ne awon da ake dubawa a ga ko sifika ta dace da amfilifaya. Na ce huɗu, mai baki takwas ce. Ya ce, "Alhamdulillahi, ta yi. Amma don girman Allah kar ka taɓa kunna ta ba ka jona sifika ba, taransifomar fitar sauti za ta ƙone, kuma ba a samun ta a ƙasar nan da sauƙi." Ku gaya min, wane ɗan damfara ne yake damuwa da om ɗin sifikarka? Maganar gaskiya ce kuwa, duk wanda ya riƙe amfilifaya mai kwalba ya san haka, ba kamar ta zamani ba ce da za ka kunna ta haka nan ta zauna lafiya. A nan zuciyata ta kwanta. A wannan "don girman Allah" ɗin. Na ce wannan mutumin yana son kayan nan kamar yadda nake son su.

Dubu ɗari shida na fara turawa. A'a, kafin nan mun yi kiran bidiyo, kai tsaye, ba wanda aka ɗauka aka ajiye ba. Ni na nema. Ya juya min bayanta, na ƙirga kwalaben da idona, shida, duk suna ja. Na ce ya nuna min ƙananan fitilun saitin kwalabe na baya, ya nuna, kore. Na ce ya bar ta ta yi zafi sannan ya ɗaga makunnin jira, ya yi, ya ɗauko gita ya buga, har ta wayata na ji wannan kaurin sautin. Na ce ya matso da kyamara inda aka rubuta wuta, na karanta volt 230, irin wutarmu ta nan. Lambar jikinta ma na rubuta a takarda, takardar tana nan. To me kuma ya rage mutum ya bincika?

Sauran ₦350,000 sai da ya turo min hoton kwalin a tasha, da sunana a jiki, da lambar direba, na kira direban ya ce e an ba shi kaya mai nauyin tsiya. Sannan na tura. ₦600,000 da ₦350,000. Kuɗin da na sayar da tsohuwar amfilifayata da fiyano na haɗa, na ci bashin ragowar a wajen yayana.

Da kayan ya iso mu biyu muka ɗauko shi, nauyin ya yi daidai, har ina murna a hanya. Ina buɗewa warin ƙuna ya fara dukan hancina. Na duba baya: volt 120. Ta wutar Amurka ce. Lambar jikin an kankare ta da reza. Ban jona ta ba, ku ji ni da kyau, ban jona ta da komai ba, wayarta ma ban warware ba. Kai tsaye na sa ta a keke napep zuwa wajen Baba mai gyaranmu, wanda tun zamanin rediyo mai kwalba yake wannan aiki.

Baba ya sa mita, ya yi shiru, ya ce, "Yaro, wannan ta daɗe da mutuwa." Taransifomar fitar sautin a ƙone take ƙurmus. Fis ɗin an naɗe shi da waya. Kwalaben kuma huɗu ne kawai 6550, biyu 6L6 ne, ƙananan kwalabe, aka cusa don gurbinsu iri ɗaya ne, alhali wutar da take yawo a cikin SVT ta haura volt 600, ƙananan nan ba za su ɗauka ba. Cikin huɗun ma ɗaya kanta ya yi fari, iska ta shige ta. Ya ce ko an samu taransifoma sai an sayi shida sababbi waɗanda aka gwada suka dace da juna, ba a canza su ɗaiɗai yadda aka ga dama.

Na kira mutumin. Kun san abin da ya ce? "Oga, ai na gaya maka kar ka kunna ba sifika." Wallahi haka ya ce. Da muryar nan tasa mai sanyi. Ashe gargaɗin nan da ya sa na yarda da shi, tun ranar yake shirya abin da zai kare kansa da shi. Na ce to 230 fa da ta koma 120 a hanya, direba ne ya canza ta a Lokoja? Sai ya kashe. Daga baya ya toshe ni. Ko kuma ya toshe ni ne bayan na tura masa hoton fis ɗin, na ma rikice, yana cikin hirar dai.

Na manta ban faɗa ba, tun farkon hirar ya ce wani fasto ma yana so, in ban yi sauri ba zai ba shi. Na ɗauka irin maganar 'yan kasuwa ce. Yanzu wani mai kaɗa bas a wata majami'a a Jos ya tuntuɓe ni, shi ma an yi masa kiran bidiyo, ɗaki ɗaya, labule ɗaya, lambar jiki ɗaya da wadda na rubuta. Wato lafiyayya guda ɗaya yake da ita ta nunawa, matattu yake aikawa.

Hotunan hirarmu, rasit ɗin banki biyu, hoton kwalin a tasha, bidiyon Baba yana gwaji, duk suna hannuna, zan saka su da zarar 'yan sanda sun gama kwafa, don sun ce kar in fitar da lambar asusun tukuna. ₦950,000.

Kar ku biya sai kun taɓa ta da hannunku. Ku tafi da mai gyara da sifikarku, a buga ta da ƙarfi har ta yi zafi sosai, ku karanta lambar kowace kwalba, ku zare fis ku gani. Jan da kwalba take yi ba shaidar lafiya ba ce. Kuma kar wanda ya sa hannu a ciki da kansa, tana riƙe wuta ko an cire ta daga soket. In a Legas take, ku tura wanda kuka sani ya ɗauko ta da kansa ya kai mota.

Wanda ya san inda zan samu taransifomar fitar sauti ta SVT, ko mai naɗin waya da ya taɓa naɗa irinta, ya yi min magana.