Taswirar yawon birnin Kano da ƙafa: ta biya kuɗinta, sai dai da gyara

Wani ƙanena ya sayo min 'yar taswirar nan mai ninki huɗu, wai in zaga cikin birni ba ɗan jagora. Ranar Asabar da hantsi na gwada ta.

Ta fara da ni daga Gidan Makama, ginin zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta sa na ɗaga kai. Shekara nawa ina wuce gidajen ƙasa a lungunan nan, ban taɓa tsayawa na kalli zankwaye da dagin da magina suka zana a bakin zaure ba. Wani dattijo ya gan ni ina kallon katangarsa, ya ce, "Malam, lafiya?" Da na faɗa masa dalili, har tabarma ya shimfiɗa min.

Marinar Ƙofar Mata kuwa bayanin layi biyu kacal aka ba ta a taswirar, wannan rowa ce. A Kasuwar Kurmi na ɓace, don taswirar ba ta nuna lunguna ba. Dutsen Dala na bar shi sai wata Asabar, ƙafafuna sun ƙi.