Masar ko Turkiyya: Ina Ya Fi Dacewa da Hutun Wata Guda?

Malam, tsakanin Masar da Turkiyyar da kake shawara a kai, ka ɗauki Masar. Duka biyun na je da kuɗin aljihuna, kuma ga mai hutun wata guda da wuraren tarihi ke gabansa, Masar ce za ta cika masa kwanakin har ya baro wasu wuraren bai taka ba.

Alƙahira kaɗai sai ta ci maka mako biyu. Kowa da dalar Giza yake farawa, ta kuwa cancanta, don babbar cikinsu, wadda aka gina wa Fir'auna Khufu, ta kai shekara 4,500 a tsaye. Amma ni tsohon gari ne ya kama min zuciya. Wani ɗalibin Azhar ɗan Arewa ne ya zaga da ni, yaro mai ladabi, da ƙyar ya yarda ya karɓi kuɗin mota. Muka yi azahar a masallacin Azhar, wanda aka aza harsashinsa a 970, ya zauna yana ba ni labarin ruwaƙin Barnawa, sashen da aka ware wa ɗaliban ƙasar Borno tun ƙarnonin baya. Ashe mutanenmu sun daɗe da sanin wannan hanya, kuma ta garin nan Mansa Musa ya ratsa a 1324 zai tafi hajji. Daga nan muka wuce masallacin Ibn Tulun, ginin 879, muka hau hasumiyarsa mai matakala ta waje, muka ƙarasa ziyara a ƙabarin Imamu Shafi'i. Yini guda muna Hausa a tsakiyar Alƙahira, ban ji ni baƙo ba ne. Allah Ya saka wa yaron nan da alheri.

Gidajen adana kayan tarihi kuwa, kada ka haɗa biyu a rana ɗaya, ƙafa da ido duk za su gaji. Akwai tsohon na dandalin Tahrir, wanda yake nan tun 1902. Akwai na Fustat, inda aka mayar da gawawwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a 2021, har da Ramses na biyu. Sai sabon babban da ke kusa da dala, inda aka tattara kayan Fir'auna Tutankhamun. Idan ka gama da waɗannan, ka hau jirgin ƙasa na dare ka yi kudu. A Luxor ka ga tsohon wurin bautar Karnak da Kwarin Sarakuna, inda aka gano ƙabarin Tutankhamun a 1922. Daga Aswan kuma ka leƙa Abu Simbel, ginin da aka yayyanka aka ɗaga shi kan tudu a shekarun 1960 don kada ruwan madatsa ya haɗiye shi.

Turkiyya ba zan zalunce ta ba. Ta fi tsafta da tsari, kuma a fadar Topkapi da ke Istanbul akwai kayan da ake jinginawa ga Manzon Allah (SAW), ga Aya Sofya, ginin da yake masallaci a yanzu, da ke tsaye tun 537. Sai dai mako guda ya ishi Istanbul, kuma kuɗin shiga ya yi wa mai naira nauyi. A 2024 aka fara karɓar yuro 25 daga baƙon da zai hau benen Aya Sofya kaɗai.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu haɗa tafiya da ke tallata biza da otal da yawo a farashi mai rahusa a Facebook da WhatsApp. Duk wanda ba shi da ofishin da za ka iya takawa ka same shi, kada ka tura masa ko kwabo, balle fasfo. A Masar ma akwai nasu. Mai raƙumi a Giza zai faɗa maka kuɗi kaɗan, sai ka hau ya ce wannan na hawa ne, na sauka daban, don haka ku gama ciniki ƙafarka tana ƙasa. Wanda ya miƙo maka abu ya ce kyauta ne, kada ka karɓa. Takardar gargajiya mai zane da ake sayarwa a bakin hanya, da yawanta ganyen ayaba ne. Ɗan rakiyar da ya nuna maka gawa ya rantse ita ce ta Fir'aunan Annabi Musa, ka bar shi da rantsuwarsa, masana ba su haɗu a kan mutum ɗaya ba.

Ka sa hutun tsakanin Nuwamba da Fabrairu, domin a Yuli da Agusta zafin Luxor yana wuce digiri 40. Biza ta fito tukuna kafin ka biya kuɗin jirgi, kuma tun daga gida ka nemi ɗalibin Azhar ta hannun wanda ka yarda da shi.