Hattara da mai sayar da hoton sojan ruwan Times Square

Jama'a, a kula. Akwai wani mai shafi a Facebook da ke tallar abin da ya kira "asalin hoton ranar nasara", wato tsohon hoton nan na sojan ruwan Amurka da ya tanƙware wata mai fararen kaya yana sumbatar ta a dandalin Times Square na birnin New York. Ƙanena ya faɗa hannunsa. Ya tura kafin alƙalami, har yau shiru kake ji.

Mutumin ya san inda yake jefa ƙugiyarsa. Zaurukan da jikokin tsofaffin sojoji ke taruwa yake bi, irinmu da kakanninmu suka je yaƙin Bama suka gwabza da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Sai ya ce ga hoton ranar da yaƙin kakanka ya ƙare, da sa hannun sojan da kansa, da takardar shaida mai hatimi, dala 400 kacal, in ka ajiye shekara biyu ka sayar ninki.

Ranar dai gaskiya ce. A 14 ga Agustan 1945 labarin saduda ta Japan ya bazu, mutane suka cika titi, Alfred Eisenstaedt na mujallar Life ya danna kyamararsa sau 4 cikin 'yan daƙiƙu. Bai tambayi sunan kowa ba. Sojan ya sunkuyar da kai, hannunsa ya kare fuskar matar. Daga nan rigima ta samo asali. A 1980 Life ta yi cigiya, maza 11 da mata 3 suka fito, kowa na cewa shi ne. Edith Shain, wata nas, ta shekara da shekaru ana gayyatar ta bukukuwa a matsayin matar. A 2007 wata mai zanen fuskoki ta 'yan sandan Houston ta ce Glenn McDuffie ne sojan. Wani littafi da ya fito a 2012 kuma ya tsaya kan George Mendonsa, masunci daga Rhode Island, da Greta Zimmer Friedman, kuma yawancin masu bincike can suka karkata. Ita Greta ma ba nas ba ce, mataimakiyar likitan haƙori ce, kuma ta faɗa da bakinta cewa ba ta san mutumin ba, cafke ta kawai ya yi. Ɗan tallar namu kuwa "masoya biyu" ya rubuta a ƙarƙashin hoton, har da zanen zuciya.

Na karɓi wayar ƙanena na yi wa ɗan tallar magana da kaina. Na ce, "Malam, sa hannun wanne daga cikinsu ne?" Ya ɗan jima, sannan ya ce na Mendonsa. Na ce ya turo min hoton bayan takardar. Ya turo. Rubutu ne da shuɗin biro, an ja masa dogon layi a ƙasa, a gefe an sa kwanan wata: 2021. Mendonsa ya rasu a watan Fabrairun 2019 yana da shekara 95. Sai dai in daga kabari ya miƙo hannu.

Da na ƙura wa hoton ido sai na ga abin ya wuce nan. Ba na Eisenstaedt ba ne ma. A nasa ana ganin mutanen biyu har tafin ƙafa, dandalin ya buɗe a bayansu. Wannan kuwa daga gefe aka ɗauka, ƙafafun ba su fito ba. Na Victor Jorgensen ne, mai ɗaukar hoto na rundunar ruwan Amurka da ke tsaye kusa a wannan lokacin. Da yake a bakin aikin gwamnati ya ɗauka, ba mallakar kowa ba ne, kowa na iya sauke shi daga intanet kyauta ya kai a wanke masa. Abin da ake son mu biya dala 400 a kai ke nan.

Da na faɗa masa haka sai ya ce ai akwai wani a layi, in ba mu cika kuɗin yau ba ya wuce mu. Na ce a mayar mana da namu. Ya toshe lambar.

Asusun da ya bayar na wani ne daban, sunan bai yi daidai da na shafin ba, takardar shaidar kuma ba adireshi, ba lambar waya. Duk wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana rasit da hirarsu, ya garzaya bankinsa tun da wuri, ya kuma kai ƙarar shafin. Jiya na sake ganin hoton a wani sabon shafi, da irin wancan shuɗin biro, wannan karon wai sa hannun "nas ɗin" ne, an yi shi bara. Edith Shain ta rasu a 2010, Greta a 2016.