Fender ko Gibson: ta wace ƙofa son kowannensu ke shigowa?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda aka yi masu kaɗa jitar lantarki suka rabu gida biyu, waɗansu ba su da magana sai ta Fender, waɗansu kuma ko a mafarki Gibson suke gani, da abin da ya fara jan kowane ɓangare. Ka ce kai har yanzu ba ka tsayar da naka ba. Akwai wasu kamfanonin da ke da masoyansu na haƙiƙa, irin su Ibanez da Gretsch da PRS da Yamaha, amma tunda waɗannan biyun ka ambata, a kansu zan tsaya. Kuma gara in faɗa maka tun da wuri, ni mutumin Stratocaster ne, wato ɗaya daga cikin jitocin Fender. Zan yi iya ƙoƙarina kada hakan ya sa in tauye wa Gibson haƙƙinsa.

Abin da na lura da shi shi ne, da wuya ka samu wanda ya fara son jita saboda ya zauna ya auna ingancinta. Wani mutum ya gani riƙe da ita, ko ya ji tana kuka a hannun wani, shi ke nan zuciya ta tafi. Sai dai ƙofar da son ke shigowa ba ɗaya ba ce a gidajen biyu.

Na Fender galibi ta ido yake shiga. Lokacin da Stratocaster ta fito a 1954, babu wata jita mai kama da ita: ƙahoni biyu, jiki siriri da aka fafe shi ta baya don ya kwanta a haƙarƙarin mai kaɗawa, ga sandar lanƙwasa sauti tana reto. Daga baya kamfanin ya riƙa fesa mata irin fentin da ake yi wa motoci. A ƙarshen 1957 Buddy Holly ya fito a talabijin a Amurka rataye da ita, yara da yawa suka ga abin da ba su taɓa gani ba. A Ingila kuwa, inda samun kayan kiɗan Amurka ke da wuya a lokacin, Cliff Richard ya yi wa makaɗinsa Hank Marvin odar wata ja a 1959. Wannan jar jita guda ɗaya ta hana samari barci. Mark Knopfler na cikinsu. Yana yaro ba abin da yake so sai jar Stratocaster irin ta Marvin, amma abin da mahaifinsa ya iya saya masa wata ce ta kamfanin Höfner mai ɗan kama da ita. Ya girma, ya samu hali, ya nemi jar tasa ta gaske. Ka ga a nan launi da siffa ne suka yi gaba, sauti ya biyo baya.

Na Gibson kuwa, musamman jitarsa mai suna Les Paul, ta kunne ya fi shiga, kuma labarinsa ya fi ban mamaki. An fitar da Les Paul a 1952. Waɗanda aka ƙera tsakanin 1958 da 1960, waɗanda yau ake rububinsu fiye da kowace jitar lantarki, a zamaninsu ba su yi kasuwa ba. Mutane suka ce ta yi nauyi, kuma siffarta ta tsofaffi ce. Kamfanin ya daina yin ta, a 1961 ya maye gurbinta da wata siririya mai ƙahoni biyu masu tsini, wadda aka sani da SG. Sai ga Eric Clapton, saurayi a Landan, ya ga hoton Freddie King riƙe da Les Paul, ya nemi tsohuwa ya saya, ya jona ta da amfilifayar Marshall, ya murɗa ƙarar har ƙarshe. Faifan da ya yi da John Mayall a 1966 ya fitar da wani amo mai kauri, mai gurnani, wanda ke daɗewa bai mutu ba. Makaɗa suka bazama neman jitar da aka riga aka daina yi. Matsin ya yi yawa har Gibson ya dawo da ita a 1968. Wato kamfanin da kansa ya fid da rai da ita, kunnuwan mutane ne suka tilasta masa.

To amma a nan ne nake so ka buɗe ido, domin kunne yana yaudara. Kowa ya san Jimmy Page da Les Paul rataye har kusan gwiwa, kuma mutane da yawa sun sayi Gibson saboda shi. Alhali faifan farko na ƙungiyarsa, Led Zeppelin, kusan dukkansa da Telecaster ya kaɗa shi, ta Fender, wadda Jeff Beck ya ba shi kyauta. Slash kuma, wanda ya sake farfaɗo da son Les Paul a 1987, jitar da ya yi yawancin aikin faifan da ƙungiyarsu Guns N' Roses ta fitar a shekarar da ita ba daga masana'antar Gibson ta fito ba. Wani maƙeri mai zaman kansa, Kris Derrig, shi ya ƙera ta da siffar Les Paul. Saboda haka idan mutum ya ce maka sautin wane ne ya sa shi son kamfani kaza, gaskiya yake faɗa game da son, amma ba lallai ne sautin ya fito daga inda yake zato ba. Amfilifaya tana da kasonta, ɗakin ɗaukar sauti yana da nasa, yatsun makaɗin kuma su ke da kaso mafi tsoka.

Idan ka duba waɗanda suka kafa gidajen biyu, za ka gane dalilin da ya sa halin masoyansu ya bambanta. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na Kalifoniya, kuma bai iya kaɗa jita ba. Tunaninsa na mai gyara ne: a yi abu yadda in ya lalace za a kwance a sauya. Shi ya sa wuyan jitarsa da sukuru huɗu aka ɗaure shi a jiki, kayan lantarkin Stratocaster kuma duk a kan faranti ɗaya suke, ka kwance ka ɗaga su gaba ɗaya. Gibson kuwa ya samo asali ne daga Orville Gibson, masassaƙin kayan kiɗa a Kalamazoo, kuma tun 1902 kamfanin ke tsaye. Gadonsu sassaƙa ce. Wuyan Les Paul da gam ake haɗa shi da jiki ya zama abu ɗaya, jikin na katakon mahogani ne, ɗan'uwan maɗaci, an ɗora masa wani katakon mai tauri a sama an sassaƙe shi ya yi tudu.

Wannan ya sa mutumin Fender yakan zama mai taɓe-taɓe. Yau ya sauya wuya, gobe ya sauya fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya), kuma ba ya jin ya yi laifi. Clapton ɗin nan da kansa, bayan ya koma Fender, ya sayi Stratocaster shida a Nashville a 1970, ya rabar da uku ga abokansa, sauran ukun ya zaɓi abin da ya fi kyau a kowacce ya haɗa guda ɗaya, ita ce ya yi shekaru yana yawo da ita. Mutumin Gibson ba ya wannan. Yadda jitar ta zo haka yake karɓarta, ya riƙe ta kamar amana. B.B. King ya taɓa komawa cikin ɗakin rawa da ke ci da wuta a 1949 don ya ɗauko Gibson ɗinsa, kuma tun daga ranar duk wadda ya riƙe sunanta Lucille. Ba na cewa duk masoyan haka suke, amma in ka daɗe cikin masu kaɗawa za ka riƙa ganin waɗannan halaye biyu suna maimaita kansu.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi a wurina. Ido da kunne su ke kawo mutum, amma hannu ne ke sa ya zauna ko ya tashi.

Tsawon tsirkiya daga gada (ƙarfen da take hawa a jikin jitar) zuwa bakin wuya inci 25.5 ne a Stratocaster da Telecaster, a Les Paul da SG kuwa inci 24.75. A takarda bambancin bai kai inci ɗaya ba, amma yatsa yana jin sa nan take. Ɗauki Stratocaster ka danna tsirkiya ta uku a tsakiyar wuya, ka tura ta sama. Za ka ji tana turjiya, sai ka sa yatsu biyu a bayan na ukun sun taya shi, kuma in ka sake ta sai ta koma da wani ɗan tas mai kaifi. Yi haka a Les Paul da tsirkiya mai kauri ɗaya, sai ka ji ta bi ka a sauƙaƙe, sautin ya miƙe ya tsaya a sama kamar ba zai sauko ba. Wani makaɗin turjiyar nan ce ke ba shi daɗi, domin yana jin shi ne ke fitar da kowane amo da ƙarfinsa. Wani kuma laushin ne yake so. Ni turjiyar ce ta riƙe ni, ita da makunnin ƙara da ke dab da ƙaramin yatsana na dama, yadda zan bugi tsirkiya shiru sannan in murzo sautin ya taso a hankali ba tare da na ɗaga hannu ba.

Sai fikof, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar waya, mai ɗaukar girgizar tsirkiya ya mayar da ita lantarki. Na Stratocaster uku ne, kowanne mai koyil ɗaya, wato naɗin waya ɗaya. Sautinsu garau ne, kana jin kowace tsirkiya daban ko da ka buga shida tare. Aibinsu shi ne suna kwaso hayaniyar lantarkin da ke ɗaki, sai ka ji zuuu a lasifika ko ba ka taɓa komai ba, in ka juya jikinka ta ragu, in ka juyo ta dawo. Wani injiniyan Gibson, Seth Lover, shi ya magance wannan da fikof mai koyil biyu da ke kashe hayaniyar juna, aka fara sa shi a Les Paul a 1957. Hayaniya ta tafi, sautin ya ƙara kauri da ƙarfi, amma ɗan ƙyallin nan na sama ya ragu. Don haka mai son kiɗa mai tsalle da rawa, irin na Nile Rodgers, yakan tsinci kansa a Fender, mai son amo mai nauyi da ke cika fili yakan nufi Gibson. Wannan ba doka ba ce, Jimi Hendrix ya girgiza duniya da Stratocaster, kuma ta masu dama ce ya kife ta don shi bahago ne. Mdou Moctar ma, wanda ya fara da jitar da ya haɗa da kansa da wayar birkin keke, farar Stratocaster ta bahagwai ce yake tayar da ƙura da ita.

Nauyi ma ba abin rainawa ba ne. Les Paul takan haura kilo huɗu, Stratocaster takan tsaya wajen uku da rabi. Rabin kilo ba komai ba ne a zaune, amma ka rataya shi a kafaɗa awa biyu a tsaye ka ji. Mutane da yawa da suka shigo Gibson ta kunne, kafaɗa ce ta tura su ga SG, wadda ba ta da nauyi. Angus Young, mai ƙaramin jiki da ba ya tsayawa wuri ɗaya a dandali, da ita aka san shi tun farko.

Wani lokacin ma ba ido ba ne, ba kunne ba, ƙaddara ce kawai. Tony Iommi, wanda inji ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17, Stratocaster ce jitarsa. Ana cikin ɗaukar faifan farko na ƙungiyarsa, Black Sabbath, a 1969 fikof ɗinta ya mutu, sai ya ɗauki SG da ya ajiye a gefe don ko-ta-kwana ya ƙarasa aikin da ita. Bai koma ba. Yau dubban mutane suna son SG saboda shi.

Kowane gida kuma yana da ciwonsa, kuma masoyin gaske ya san na gidansu. Kan wuyan Les Paul a karkace yake zuwa baya, katakon wurin siriri ne, in ta faɗi daga jingine sau da yawa nan take karyewa. Tsirkiyarta ta uku kuma takan yi gardamar zama a saiti. Stratocaster ga hayaniyar da na faɗa, ga sandar lanƙwasa da kan hargitsa saiti in ba a daidaita ta da kyau ba, kuma fikof ɗinta na kusa da gada yakan yi tsini har ya soki kunne. Wanda ya ce maka tasa ba ta da aibi, bai daɗe da ita ba.

Kai da ba ka zaɓa ba tukuna, ka sani cewa yawancin masoyan gidajen nan ba da jitar mai babban suna suka fara ba. Da ƙannensu suka fara, Squier a ɓangaren Fender, Epiphone a ɓangaren Gibson, wanda Gibson ya saye tun 1957. Tsawon tsirkiya da siffar jiki da irin fikof duk suna bin na yayyensu, don haka abin da hannunka zai gaya maka a kansu gaskiya ne. Ka samu ɗaya daga kowane gida. Ka fara kaɗa su ba tare da ka jona ba, ka ji yadda katakon ke amsawa a cikinka. Sannan ka jona su a amfilifaya ɗaya, kada ka taɓa makunnanta tsakanin biyun, ka kaɗa abu ɗaya da ka iya sosai. Ka sa maɗauri ka miƙe tsaye da kowacce na ɗan lokaci mai tsawo, kuma ka tura tsirkiya ta uku sama a dukkansu kafin ka ajiye.