LibriVox da Abin da Ke Bambanta Mai Karatu Nagari

LibriVox taska ce ta littattafan sauraro kyauta a intanet, wadda Hugh McGuire ya kafa a birnin Montreal na ƙasar Kanada a shekarar 2005. 'Yan sa-kai ne ke naɗar littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare a Amurka, galibi da Turanci, kuma yawan littattafan ya haura 15,000. Ba a yi wa mai karatu jarrabawa kafin a karɓe shi. Akwai dai masu tantancewa da ke sauraro domin kamo tuntuɓen harshe da tsallaken layi, amma ba sa yanke hukunci a kan salo.

Saboda ƙofar a buɗe take ga kowa, sau da yawa akan sami littafi guda da mutane daban-daban suka karanta, kuma a nan ne kunne ke koyon darasi. A ganina zaƙin murya ba shi ne ma'auni ba. Gwanin da ke riƙe ni shi ne wanda ya riga ya karanta babin ya fahimce shi kafin ya kunna makirufo, domin ya san inda doguwar jimla ta dosa, yana ajiye numfashinsa a inda ma'ana ta tsaya, ba inda iska ta ƙare masa ba. Idan tsohuwa ce ke magana a labarin, ba ya matse maƙogwaro yana kwaikwayonta har abin ya zama wasa; sai ya ɗan rage sauri, ya sassauta murya, nan take ka gane ita ce. Idan aka zo wurin mutuwa kuwa, ba ya riga mai sauraro kuka. Sunan da ya furta a babi na farko, haka zai furta shi har ƙarshe, kuma wannan ƙaramin abu yana nuna girmama marubuci da mai sauraro.

Ingancin naɗi ya bambanta, tunda a gida ake yinsa, kuma littattafan haɗin gwiwa, inda kowane babi ke da nasa mai karatu, sukan tsinke wa mutum zaren labari. Shawarata ita ce a zaɓi wanda mutum ɗaya ya karanta daga farko har ƙarshe, a fara gwada wani babi na tsakiya mai yawan hira, in kunne ya amince sannan a sauke sauran.