Hattara da mai tallan kuɗin Rumawa a Facebook

Naira 380,000 wani bawan Allah ya cinye mini a kan tagullar da aka shafa wa ruwan azurfa. Naira 380,000, jama'a!

Kafin wani ya ce kwaɗayi ne ya ja ni, a sani na daɗe ina tara tsofaffin kuɗi, tun daga anini da ahu har sulallan Ingila, ba a taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa ba. Mutumin nan ya san abin da yake faɗa. Ya ce daga Libiya ya dawo da su, kuma kowa ya san kufan biranen Rumawa na nan a Leptis Magna da Sabrata. Ya turo hoton kwandalar Yuliyas Kaisar: giwa na take maciji, sunan CAESAR a ƙasa, a baya kuma gatari da hula da sauran kayan bautar limamansu. Ya ce wajen shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka buga ta don biyan sojoji, lokacin yaƙin basasa. Duk gaskiya ne, na bincika.

Kwandala ta biyu ce ta kwantar mini da hankali, ta Burutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe Kaisar. Wuƙaƙe biyu, hula a tsakiya, EID MAR (wato 15 ga Maris, ranar da aka kashe Kaisar) a ƙasa. Na tambaye shi hular, don gwaji. Bai yi inda-inda ba ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, hular 'yantattun bayi ce. Burutus na cewa da wuƙaƙen nan suka 'yanta Rum ranar 15 ga Maris." Har yanzu muryar na kunnena. "Hular 'yantattun bayi ce, Alhaji." Wa zai ji haka ya ce ɗan damfara ne?

Na fara tura 150,000 kafin alƙalami. A'a, 30,000 na mota ne farko, ranar da ya ce direba ya maƙale a Agadas, sannan 150,000, sannan 200,000. Ta Burutus ba ta iso ba har yau, mai giwar kaɗai na karɓa.

Maƙerin fari ya ɗora ta a sikeli, giram 2.9, alhali ta gaske tana kusan 3.8. Ya juya gefenta ya nuna mini layin haɗi da 'yan ramuka kamar na ƙuraje, alamar zubi. Rumawa da guduma suke buga nasu. Ya ɗan kankara, ja ya fito. Da na kira mutumin sai ya ce wai ai tun zamanin Rumawa ana jabu, tawa tsohuwar jabu ce mai daraja. Washegari lambarsa a kashe.

Hotunan hirarmu da rasidan banki duk suna wayata, zan ɗora su da daddare. Ban yafe ba, naira 380,000 guminmu ne ni da iyalina.

Kada ku tura ko kwabo sai an auna a gabanku, kun kuma duba gefen.