Yaya, kada ki biya kuɗin na'urar cire gashin nan tukuna

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Inna? Mu nan Manchesta sai godiya, sanyi ne dai ya shigo, tun ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu.

Na ga hoton na'urar da kika turo min, wadda mai kawo kaya daga Dubai ya ce zai ba ki a biya shi sau uku. Kin ce amare sun fara tambayar leza, wato cire gashi da haske, kina tsoron kada a bar ki a baya da dilka da halawa. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta, na kuma sa ta inda sauran masu gyaran jiki za su gani, don na san ba ke kaɗai aka yi wa tallar ba.

Kin san gashin haɓata. Tun ina budurwa matsefata ba ta barin jakata, kin kuma san irin maganar da ake yaɓa wa mace mai gashi a haɓa a garinmu. A shekarata ta biyu a ƙasar nan na ga wani shagon kwalliya ya yi rahusa, na shiga. Matar ta karɓe ni da fara'a, ta shafa min wani ruwa mai sanyi, ta ɗora kan na'ura a haɓata, ta yi ta walƙa haske. Na ce mata da zafi, ta ce haka yake. Washegari wurin ya yi bororo. Da ya warke sai ya bar baƙin tabo mai kusurwa huɗu, daidai girman bakin na'urar, jere a wuyana. Wajen wata takwas na yi kafin ya dushe. Hijabi ne ya rufa min asiri a wurin aiki.

Sai daga baya, da na je wurin masu aikin fata na gaske, aka yi min bayanin da ya kamata in ji tun farko. Na'urar nan ba gashi take gani ba, baƙi take gani. Akwai wani sinadari a jikinmu mai suna melanin, shi ke ba gashi launinsa, shi ne kuma ke ba fata nata. Hasken da na'urar ke harbawa, melanin ne ke shanye shi ya mayar da shi zafi, zafin ya bi silin gashin ya gangara ya ƙone saiwar. Ki tuna baƙar abaya da farin mayafi a kan igiyar shanya a watan Afrilu a Kano: rana ɗaya ce ta dake su, amma ki taɓa ki ji wanne ya ɗauki wuta. To Baturiya mai farar fata da baƙin gashi, hasken zai ratsa fatarta ya je ya sami gashin shi kaɗai. Ni da ke kuwa, fatar ma baƙa ce. Kafin hasken ya kai ga saiwa, fata ta riga ta sha rabonta. Abin da ya ƙona ni ke nan.

Wasu likitoci biyu na Jami'ar Harvard a Amurka, Rox Anderson da John Parrish, su suka shimfiɗa wannan ilimi a 1983, cewa ana iya zaɓar haske ya ƙone abu guda a cikin fata ya bar na kewaye da shi. A tsakiyar shekarun 1990 aka fara cire gashi da shi, kuma na'urorin farko masu farar fata kaɗai suka yi wa amfani. An daɗe ana ce wa baƙaƙe wannan aiki ba nasu ba ne.

Abin da ya raba na'ura da na'ura shi ne tsawon zangon haskenta, ana auna shi da nanomita, kuma lambar tana rubuce a jikin kowace ta kirki. Ta farko, rubi, 694 ce, yanzu ba a cika ganinta ba. Akwai alekzandarait mai 755, wadda Turawa suka fi so saboda tana kama gashi sosai, amma ga baƙar fata haɗari ce. Akwai dayod mai 800 zuwa 810, tana tsaka-tsaki, a hannun gwani tana yi wa masu hasken fata da wasu wankan tarwaɗa. Sai Nd:YAG mai 1064. Wannan ita ce tamu. Melanin ba ya shan haskenta da yawa, don haka takan wuce saman fata ba tare da ta yi ɓarna ba, ta nutsa can ƙasa inda saiwar take. Ta fi zafi a jiki, kamar ana harbin mutum da ɗanƙo, kuma sai an dinga hura iska mai sanyi ko feshin sanyi a wurin. Wurin da nake zuwa yanzu GentleMax Pro suke da ita, mai ɗauke da 755 da 1064 a jiki ɗaya, ni kullum ta biyun ake kunna min.

Wadda ta ƙona ni kuwa ba leza ba ce ma sam. Sunanta IPL. Fitila ce mai ƙarfi da ke watsa haske iri-iri a haɗe, kamar walƙiyar kyamara, kuma cikin hasken akwai mai gajeren zango, wato mai ƙaramar lamba, wanda baƙar fata ke shanyewa nan take. Ta fi arha nesa ba kusa ba, shi ya sa ƙananan shaguna suka fi ajiye ta, wasu har su rubuta leza a ƙofa. Yaya, hoton da kika turo, bakin na'urar gilashi ne mai faɗi mai kusurwa huɗu, kuma ban ga lamba guda a jikinta ba. Gabana ya faɗi da na gani.

Irin ta ce ake sayarwa ƙanana na amfani a gida, Philips Lumea da Braun da sauransu, suna nan a manyan kantuna. Na ɗauki kwalin na duba: akwai jerin launukan fata daga fari zuwa baƙi, an nuna cewa na ƙarshen ba a yi dominsa ba. Wasunsu ma suna da idon da ke auna fata, in ta yi duhu da yawa sai su ƙi harbawa. Kamfanin da ya ƙera ya faɗi gaskiya a kan kwalinsa. Mai kai ta Kano ko Kaduna ya sayar, shi ne ban tabbata yana karanta wa mutane wannan wurin ba.

Kada kuma ki ɗauka duk abin da ke Turai a tsare yake. A Ingila, tun 2010 hukumar da ke sa ido kan asibitoci ta daina kula da masu cire gashi don kwalliya. Wasu ƙananan hukumomi, musamman na Landan, suna neman lasisi, amma a wurare da dama mutum zai sayi na'ura ya yi ɗan kwas ya buɗe shago. Bambancin yana hannun mai aikin. Wurin da nake zuwa yanzu, ranar farko ba su taɓa fuskata ba sai da muka yi kusan rabin awa ana tambayoyi. Suna aiki da wani ma'auni da likita Thomas Fitzpatrick ya fito da shi a 1975, wanda yanzu ya kasa fatar mutane gida shida gwargwadon yadda take amsa rana, daga na ɗaya mafi fari zuwa na shida mafi baƙi. Mu Hausawa yawancinmu muna gida na biyar da na shida, farare cikinmu su taɓa na huɗu. Aka tambaye ni asalin iyayena, ko ina da ciki, ko ina shan maganin ƙuraje, ko ciwo yana bar min tabo mai tudu. Sannan aka gwada ɗan wuri ƙarami a ƙasan muƙamuƙi aka ce in tafi in dawo bayan kwanaki a ga yadda fatar ta yi. Ma'aikaciyar 'yar asalin Jamaika ce, baƙa kamar ni, ta kalli tsohon tabona ta girgiza kai.

Tambaya ɗaya da ta yi min ta sa na tuna kwastomominki: ko ina shafa man bilicin. Ki yi tunanin mata nawa ne cikin masu zuwa wurinki ke shafa haɗin da ba su san abin da ke ciki ba. Irin wannan man shafawa yakan sa fata ta yi laushi ta zama ba ta jure komai, kuma hasken fatar da ya kawo na sama ne kawai. Mai na'ura zai ga fara ya ƙara wuta, alhali fatar a asalinta baƙa ce, kuma irin martanin baƙar fata za ta mayar. Haka wurin da aka yi lalle ko zane, ba a ɗora na'ura a kai, don baƙin zai ja zafin.

Gashin ma iri-iri ne. Baƙi mai kauri, kamar na hammata da na haɓa, shi ya fi jin magani, a nan mun yi dace. Furfura kuwa ko kusa, domin babu melanin a cikinta da zai kama hasken. Haka farin gashin Turawa da ja. Mai furfura a haɓa sai dai a bi ta da allurar lantarki sili-sili, tsohuwar hanya da wani likitan ido a garin Sant Luwis na Amurka, Charles Michel, ya fara a 1875 don gashin ido mai juyawa ciki. Sai siririn gashin nan mai laushi na gefen kunci da goshi, wanda amarenmu ke so a kwashe don hoda ta zauna. Wannan ki bar wa halawa. Nd:YAG ba ta kama shi sosai, kuma akan samu, musamman a fuska da wuya, hasken da bai kai ƙarfin kashe saiwa ba ya zuga ta, gashin ya dawo ya fi na da kauri. An fi ganin haka ga Larabawa da Indiyawa da masu kama da su.

Ga kuma abin da ya fi shafar sana'arki. Amarya takan zo miki saura mako biyu ko uku biki. Leza ba ta san gaggawa ba. Gashin jiki ba ya tsirowa rana ɗaya: wani yana girma, wani ya tsaya, wani yana barci a ƙasa, kuma mai girma kaɗai hasken ke kashewa. Kamar ciyawar gona ce, a yi noman fari, a dawo maimai, a sake dawowa. Fuska duk bayan mako huɗu zuwa shida, jiki ya fi haka tazara, kuma sai an yi sau shida zuwa takwas, wani lokaci fiye. Ni sai da na shekara ina zuwa. Sannan leza da halawa ba sa ga maciji: halawa tana tumɓuke gashin da saiwarsa, na'ura ta zo ba ta sami abin kamawa ba. Dole a bar tsiga da halawa wajen mako huɗu kafin a fara, a koma aski da reza kwana ɗaya kafin kowane zama. Bayan an yi kuma a guji rana, a shafa man kariya, wanda a nan abu ne mai sauƙi, a Kano kuwa ke kin san aiki ne.

Kuma ba a cewa gashin ya tafi har abada. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ragewa mai ɗorewa ta amince a ce, ba kawarwa ba. Nawa ya ragu ƙwarai, wanda ya saura siriri ne, nakan koma sau ɗaya ko biyu a shekara. Likitata ce ma ta gano cewa tushen abin daga ciki yake, matsalar ƙwayayen mahaifa da ake kira PCOS, wadda ke zuwa da rikicewar al'ada da gashi a fuska. Duk macen da ta zo miki da gemu da al'ada mai tsallake, ki tura ta asibiti kafin komai. Hukumar lafiya ta ƙasar nan, NHS, ta duba ni kyauta, amma cire gashin daga aljihuna na biya, kuma kuɗi ne masu nauyi.

Wanda ya fi ni cin moriyar abin shi ne Baban Yara. Kin tuna ƙurajen askin da ke cika masa wuya. Gashinmu nannaɗaɗɗe ne, in reza ta yanke shi da kaifi sai ya lanƙwasa ya koma ya soki fata, wurin ya kumbura ya yi baƙi. Gemunsa yana nan bai taɓa ba, ƙasan wuya kawai aka bi masa, ƙurajen suka kwanta. Da wanzamai da masu shagon aski na gida sun san wannan, da samari da yawa sun huta. Batun mara kuwa, wasu 'yan uwa a nan suna tambaya, tunda sunna ce kada a wuce kwana arba'in ba a gyara ba. Ni dai na tsaya a fuska da hammata, don ba zan buɗe al'aurata ga wata ba larura ba. Mai son wuce nan ta tambayi malamai.

Abin da zai ba ki mamaki, halawar da kike dafawa da sukari da lemon tsami a ƙaramar tukunya, a nan sana'a ce ta masu kuɗi, sai an yi rajista an jira layi, kuma wallahi hannunsu bai kai naki ba. Ba ta zaɓar launin fata, ba ta zaɓar furfura, ba ta neman wutar lantarki mai ƙarfi da na'urar sanyaya ɗaki da injiniyan da zai zo ya duba ta.

In har kin ƙudurta sai kin shiga harkar leza, ban hana ki ba, akwai mata da maza masu bukata ta gaskiya. Amma ki ce wa mutumin ya juya na'urar ya ɗauko miki hoton ƙarfen da ke bayanta, mai sunan kamfani da lambobi. Ki nemi 1064. Ki tambaye shi yadda take sanyaya fata, da tabaran kare ido nata na musamman, naki da na kwastoma, domin hasken yana iya makantarwa. Ki tambaye shi wa zai koya miki, wa zai gyara in ta lalace, kuma ki nemi likitan fata a can Kano da za ki dinga tura masa wadda abin ya ba matsala. Ki turo min hoton in kai wa ma'aikaciyar nan ta duba ranar da zan koma, sati na sama.

Ki gaida Inna da kyau, ki ce mata maganin ƙafarta yana hanya. In mai zuwan nan ta tashi, ki haɗo min da dilka da turaren wuta.